Yadda Ake Haɗa Giya Mai Ƙamshin Hof da Yis ɗin Daji a Gida

A kudancin Beljiyam, dab da iyakar Faransa, akwai gidan sufayen Kirista da ake kira Orval. Tun 1931 suke da masana'antar giya, kuma iri ɗaya tak kasuwa ta san su da shi. Wanda ya buɗe kwalbar da ba ta wuce wata biyu da rufewa ba, ƙamshin hof, furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, shi ne zai fara tarbarsa, kamar ɗanyar ciyawa da ɓawon lemo. In ya ajiye 'yar'uwarta shekara guda sannan ya buɗe, zai rantse ba tukunya ɗaya ta haife su ba. Zaƙin ya tafi, giyar ta bushe a baki, ga wani ƙamshi na jemammiyar fata da bargar doki. Yis ne ya yi wannan aiki, wani yis na daji mai suna Brettanomyces, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa su ce Brett.

Bayanin nan na manya ne waɗanda addininsu da dokar inda suke zaune ba su hana su giya ba. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, irin su Kano da Zamfara, doka na hukunta mai yi da mai sayarwa, don haka kowa ya san inda yake tsaye kafin ya ɗora tukunya.

Abin da ya kamata ka sani game da Brett

A 1904 wani masani a kamfanin Carlsberg na Kofanhegan, N. Hjelte Claussen, ya bayyana cewa wannan yis ne ke ba tsofaffin giyoyin Ingila ɗanɗanonsu, shi ya sa ya raɗa masa sunan da ke nufin naman gwarin Birtaniya. A yawancin masana'antu ana ɗaukarsa annoba, domin in ya shiga bututu da wuya ya fita. Halinsa shi ne cin abin da yis na gida ya bari. Yis na gida, wato wanda aka saba, Saccharomyces, yana cinye sukari mai sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu ya kwanta. Brett kuwa a hankali yake bi, wata da watanni, yana farfasa dogayen sukarin da suka rage har giyar ta kusa rasa zaƙi baki ɗaya.

Mutane da yawa na zaton giyar yis ɗin daji dole ta yi tsami. Ba haka ba ne. Tsamin da ke cikin burukutu, ko fito na arewacin Gana, ko lambik ɗin da ake yi a kewayen Burasel, yawancinsa aikin ƙwayoyin bakteriya ne masu fitar da irin tsamin nono. Hof kuma maƙiyin waɗannan ƙwayoyi ne, ɗacinsa na hana yawancinsu yaɗuwa, amma bai damu Brett ba. Ka ga kenan in ka zuba hof sosai, za ka sami giya mai ɗaci da ƙamshi, ba mai tsami ba. Shi hof ɗin fure ne na wata shuka mai yaɗo da ke son dogon yinin bazarar ƙasashen sanyi, irin su Jamus, Cek da arewa maso yammacin Amurka. A Afirka sai can yankin George na Afirka ta Kudu ake nomansa sosai. Mu sai dai mu saya a busasshe, an dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar abincin kaji.

Ga inda gizo ke saƙa. Brett na son watanni, ƙamshin hof kuwa makonni yake yi ya fara gudu. Wanda ya zuba duk hof ɗinsa ranar dafuwa ya jira wata uku, zai tarar Brett ya gama aikinsa amma ƙamshin ya riga ya tsere. Dabarar duka ita ce ka raba hof gida uku: na ɗaci a tukunya, na ɗanɗano bayan an kashe wuta, na ƙamshi kuma ka riƙe shi a firiji sai ana saura kwana huɗu a zuba a kwalba. Haka Orval ke jiƙa busasshen hof cikin giyar bayan ta tsima, haka ma Cantillon, tsohuwar masana'antar da aka kafa a 1900 a unguwar Anderlecht, take yi wa giyarta Iris.

Kayan aiki da na haɗi

Lissafin nan na lita 20 ne. Kana buƙatar tukunyar silba ko ta bakin ƙarfe mara tsatsa mai cin lita 30 zuwa sama, babbar jakar yadi mai laushi ta tata, bokitin roba na abinci mai murfi, tulun gilashi ko jarka mai ƙaramin baki, tiyo mai tsabta, ma'aunin zafi, da haidiromita. Wannan na ƙarshe, ɗan gilashin da ke yawo a ruwa yana nuna yawan sukarin da ya rage, kada ka fara aikin in ba ka da shi. A wata giyar za a iya yin kirdado. A giyar Brett kirdado na iya kai mutum asibiti, zan zo kan dalili.

Kayan haɗin su ne:

Tsirarren sha'ir mai haske, kilo 4, a ɓarje
Tsirarriyar alkama, giram 500
Tsirarren sha'ir da aka ɗan gasa ya yi ja, giram 250
Farin sukari, giram 300
Hof mai ɗaci irin Magnum, giram 25
Hof mai ƙamshi, giram 50 na bayan wuta da giram 70 na jiƙawa
Yis na gida, fakiti ɗaya
Brett, fakiti ɗaya

Kan hof mai ƙamshi, zaɓi naka ne. In hanyar Beljiyam kake so, nemi Styrian Goldings, Hallertau ko Strisselspalt, masu ƙamshin ganye da fure. In ta Amurka ce, Citra, Mosaic ko Amarillo, waɗanda ke tashi da mangwaro da lemo. Ni na fi karkata ga na biyun a zubin farko, domin ƙamshin abarba da wasu irin Brett ke bayarwa yana zama da su daram.

Brett ana sayar da shi a ruwa, kamar WLP650 da WLP645 na White Labs ko 5112 na Wyeast. Matsalarsa ba ya jure doguwar tafiya cikin zafi. Ga mai zaune a ƙasa mai zafi, busasshen SafBrew BR-8 na Fermentis ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma hanya ta uku: lakar da ta kwanta a gindin kwalbar Orval biyu, Brett ne mai rai a ciki, kuma masu haɗin gida sun daɗe suna amfani da ita.

Wani zai tambaya ko dawa za ta yi. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsirarren sha'ir a 1988, manyan masana'antu suka koma wa dawa, don haka tana yi. Amma sitacinta na buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, sinadaran da ke mayar da shi sukari kuma ba su da ƙarfi sosai a cikinta. In za ka gwada, musanya kilo ɗaya kawai, ka tabbata an murje saiwa da tofon tsiron an sheƙe su tas, domin akwai guba a cikinsu. Shuwaka da namijin goro kuwa, da aka gwada a matsayin madadin hof, ɗaci kawai za su ba ka, ba ƙamshi.

Ranar dafuwa

Fara da ruwa. In na famfo ne mai kulorin, narka rabin ƙwayar Campden, mai kawar da kulorin, a cikin lita 30 tun kafin ka ɗora. Kulorin in ya haɗu da abin da yis ke fitarwa, giyar warin magani take yi kamar ɗakin allura, kuma babu gyara.

Ɗumama lita 14 zuwa digiri 73 a ma'aunin Selshiyas. Shimfiɗa jakar yadin a tukunya, ka riƙa zuba ɓarzajjen hatsin kaɗan-kaɗan kana motsawa don kada ya yi gudaji. Zafin zai sauko wajen digiri 66 zuwa 67, nan kake so. Rufe, ka lulluɓe tukunyar da bargo, ka bar ta awa ɗaya. A nan ne sitaci ke komawa sukari. Kada ka sauka ƙasa da 65, domin kana so a bar wa Brett ɗan abin da zai ci nan gaba.

Bayan awa ɗaya ɗaga jakar ta tsane, sannan ka ɗauraye hatsin da lita 15 na ruwa mai digiri 76 zuwa 78, kana zubawa a hankali. Za ka tara wajen lita 24 na ruwa mai zaƙi. Dusar da ta rage awaki da kaji na so.

Ɗora ruwan ya tafasa sosai, tukunya a buɗe. Kula da kumfar farko, takan yi bori ta zube kamar madara. Da ya tafasa zuba Magnum giram 25, ka fara ƙirga minti 60. Ana saura minti 10 zuba sukarin kana motsawa don kada ya kama gindi. Kashe wuta, jira zafin ya sauko zuwa digiri 80, zuba giram 50 na hof mai ƙamshi, rufe na minti 20. Dalilin jiran shi ne man ƙamshin hof yana tashi da tururi in ruwan na tafasa.

Daga nan sanyaya da sauri zuwa digiri 20. Babban baho cike da ƙanƙara yana yi, ka riƙa canza ruwan. Daga wannan lokaci duk abin da zai taɓa ruwan, bokiti ne, cokali ne, hannunka ne, sai an wanke shi an kuma kashe ƙwayoyin da ke jikinsa da Star San ko ruwan aidin na masu giya. Kada sunan yis ɗin daji ya ruɗe ka ka yi sakaci da tsabta. Kai ne za ka zaɓi baƙon da zai shiga gidan, ba ƙofa za ka bari a buɗe ba.

Juye a bokiti, ka bar ganyen hof a gindin tukunya. Auna da haidiromita, ya kamata ka ga wajen 1.055, ka rubuta a takarda. Girgiza bokitin minti biyu don iska ta shiga, wannan ne karo na ƙarshe da iska za ta zama abokiyarka. Barbaɗa yis na gida, rufe, ka fitar da tiyo daga murfin ka tsoma bakinsa cikin kwalbar ruwa, gas ya riƙa fita iska ba ta shiga.

Tsimuwar farko da ta biyu

Irin yis na gida da ka zaɓa yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Yis ɗin Beljiyam mai ƙamshin kanumfari yana fitar da wasu sinadarai da Brett ke juyawa zuwa ƙamshin barga da hayaƙi. Yis mai tsabtar ɗanɗano irin SafAle US-05 ba ya fitar da su, don haka Brett zai fi karkata ga 'ya'yan itace. Mai son hof ya fito fili ya ɗauki na biyun.

Riƙe bokitin tsakanin digiri 18 da 20 na kwana 7 zuwa 10. Wannan ne abu mafi wahala a ƙasarmu. Tsohon firiji da aka sa wa na'urar daidaita zafi shi ne mafita ta gaskiya. In babu, zaunar da bokitin a bahon ruwa, rufa masa jiƙaƙƙen zani wanda bakinsa ke cikin ruwan, ka sa fanka, irin hikimar da ke sanyaya ruwan randa. Lokacin hunturu, musamman a wurare irin Jos, wannan dabara na wadatarwa. A watan Afrilu a Sakkwato kuwa kada ma ka fara.

Idan haidiromita ta nuna wajen 1.012, zuƙe giyar da tiyo zuwa tulun gilashi. Bakin tiyon ya kasance a gindin tulun, kada ta fantsama. Cika shi har wuya. Zuba Brett, mayar da tiyon gas, ka ajiye a wuri mai duhu tsakanin digiri 20 da 25. Brett ya fi yis na gida jure ɗumi, wannan kam ya yi mana daɗi.

Dalilin barin bokiti shi ne iska. Roba na shan iska a hankali, murfin bokiti kuma faɗi gare shi. Brett in ya sami iska yakan fitar da tsamin khal, daga baya giyar ta riƙa warin ruwan goge farce. Don haka kada ka riƙa buɗewa kana leƙe. Bayan 'yan makonni za ka iya ganin farar yana a saman giyar, wani lokaci da manyan kumfa kamar an barbaɗa gari. Lafiya lau ce, kada ka fasa ta. Abin tsoro shi ne funfuna mai gashi, kore ko baƙa ko ruwan hoda. In ka ga wannan zubar da zubin duka, kada ka yi tunanin kwashe saman.

Jira mako takwas kafin awon farko. Bayan mako uku sake aunawa. In lambar ba ta motsa ba, galibi tsakanin 1.002 da 1.006, Brett ya ƙoshi. In ta sauka ko da maki ɗaya ne, wato 0.001, ƙara mako uku. Daga 1.055 zuwa 1.004, ƙarfin giyar zai kai wajen kashi 6.7 cikin ɗari, ba ta wasa ba ce.

Akwai gajeriyar hanya da masana'antu irin Crooked Stave na Denver suka shahara da ita: a bar yis na gida baki ɗaya, Brett kaɗai ya yi tsimuwar. Sai an rene shi kamar mako guda a cikin lita biyu na ruwan zaƙi don ya yawaita. Yakan gama cikin wata ɗaya ko ɗan fiye, kuma abin mamaki, giyar ta fi fitowa da ƙamshin abarba, warin barga kaɗan ne.

Kamo naka yis

Matan da ke dafa burukutu ba su taɓa sayen yis a fakiti ba, ragowar zubin jiya suke zuba wa na yau. Kai ma za ka iya farauto naka, amma da ƙa'ida. Dafa lita ɗaya na ruwan zaƙin tsirarren sha'ir mai nauyin 1.035 a haidiromita da ɗan hof giram biyu ko uku. Ɗiga masa sinadarin tsamin nono har takardar awon tsami ta nuna pH 4.5 ko ƙasa. Wannan mataki ba na ado ba ne, ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim ba ta girma ƙasa da 4.6. Raba ruwan a kwalabe huɗu masu tsabta. Jefa nunanniyar kanya ko magarya ko ɗinya da ba a wanke ba a ɗaya, cokalin ɗanyar zuma a wata, haka dai. Rufe da tiyon gas.

Hanci za ka fara amfani da shi, ba harshe ba. Mai warin amai, ruɓaɓɓen kabeji ko kashi, zubar. Mai funfuna, zubar. Wanda ya yi kumfa, nauyinsa ya sauka sosai, yana ƙamshin 'ya'yan itace ko burodi, bar shi ya cika wata guda kafin ka ɗanɗana. Cikin huɗu in ka dace da ɗaya ka yi sa'a. Gwada shi a lita huɗu tukuna. Abin da ka kamo cakuɗe ne, ba lallai akwai Brett a ciki ba, shi ya sa nake ba da shawarar zubin farko a yi shi da na saye, mutum ya san ɗanɗanon da yake nema.

Hof na ƙarshe da zuba a kwalba

Yanzu fito da giram 70 ɗin nan daga firiji. Zuba shi kai tsaye cikin tulun da sauri ka rufe. Kwana uku zuwa biyar ya isa. In ya wuce mako, ɗanɗanon ɗanyen ganye da bauri ke biyo baya.

Ga dalilin da na nace kan haidiromita. Kowane maki ɗaya da Brett zai ci bayan an rufe kwalba yana ƙara gas da ya kai rabin girman giyar. Wanda ya rufe a 1.010, giyar ta sauka zuwa 1.004 a cikin kwalba, ya ƙara ninki uku na gas a kan wanda ya riga ya shirya, kuma kwalbar giya ta yau da kullum ba ta ɗaukar haka. Ya taɓa faruwa da ni. Na rufe a mako na biyar saboda ɗoki, bayan wata biyu cikin dare kwalba uku suka tarwatse a ɗakin ajiya, na tsinci gilashi a kafe jikin ƙofar katako. Da yaro na wurin da labarin ya bambanta. Tun daga ranar ba na rufe giyar Brett sai awo biyu sun zo daidai, kuma sai a kwalba mai kauri irin ta shamfen ko ta Orval ɗin kanta.

Narka sukari giram 6 zuwa 7 kan kowace lita a ɗan tafasasshen ruwa, ka bari ya huce. Zuba a bokiti mai tsabta, zuƙo giyar a kai a hankali, ka ɗaura ɗan yadi a bakin tiyon don ya tare ganyen hof. Cika kwalabe daga gindi zuwa sama, bar tazarar yatsa biyu, danne murfi. Jera su a kwali mai murfi, a duhu, mako uku zuwa huɗu. Hasken rana na ɓata hof cikin mintuna, ya ba giya wari mai ɗoyi, don haka kwalba mai ruwan ƙasa ta fi kore ko fara.

Tiyo, bokiti da duk wata roba da ta taɓa Brett, yi musu alama da jan fenti ka ware su. Yis ɗin na maƙalewa a cikin ƙananan tsagar roba, in ka yi wata giyar da su zai bayyana ba tare da gayyata ba. Gilashi da ƙarfe kuwa wanki mai kyau ya ishe su.

Wajen sha, kada ka daskarar da ita. Digiri 10 zuwa 13 ne ƙamshin ke buɗewa. Tsayar da kwalbar kwana ɗaya kafin buɗewa don lakar ta kwanta, ka zuba a kofi mai faɗin baki a hankali, ka bar ɗan na gindin. Tana tafiya da gasasshen nama mai yaji da soyayyen kifi, domin bushewarta da gas ɗinta na wanke maiƙo daga baki. Rabin kwalaben ka sha su cikin wata biyun farko, lokacin da hof ke kan ganiyarsa. Sauran rubuta musu kwanan wata a murfi, ka buɗe ɗaya a wata na shida, ɗaya a shekara, kana rubuta abin da ka ji. Lakar da ka bari a gindin kwalba biyu daga cikinsu, juye ta a tulun zubi na gaba a ranar da ka zuƙe shi daga bokiti, ba sai ka sake sayen Brett ba.